Maganin da Aka Saya da Doya

Ran nan na shiga wani kemis a Barkin Sale zan sayi maganin hawan jini. Yaron da ke bayan kanta ya karɓi takardata, ya juya ya zaro kwali ya miƙo mini, idonsa bai bar waya ba. Na ce masa ni ma wannan aikin na yi har na tsufa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai aikin ba wuya, karanta suna ne kawai." Ban yi masa musu ba, don a yadda ya tarar da aikin gaskiya ya faɗa. Amma ku da kuke shirin shiga wannan sana'a, ya kamata ku ji yadda take lokacin da magani ba ya zuwa a kwali, sai an haɗa shi da hannu.

Sunana Ɗanlami. A Tudun Wada aka haife ni, mahaifina maɗinki ne, kakana kuwa aikin shimfiɗa layin dogo ne ya kawo shi Minna. Ina ɗan shekara goma sha tara, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka ɗauke ni a ɗakin magani na asibiti, aka damƙa ni a hannun wani dattijo mai suna Yohanna. Mutumin Beji ne, wani ƙauye kusa da Minna, Gbagyi, Kirista, kuma a hannun 'yan mishan ya koyi aikin. Kowa Baba Yohanna yake ce masa, har likitoci. Hausarsa irin ta mutanen garinmu ce da ba su tashi da ita ba, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

Aikin da ya fara ba ni shi ne wankin kwalba, kuma wata huɗu na yi ina yinsa. A lokacin mara lafiya shi ke zuwa da kwalbarsa. Wani ta kananzir zai kawo, wani ta manja, wani ta giya ya ce ta maƙwabci ce. In wanke da ruwan zafi da toka da ɗan tsumma a bakin waya, in kife. Baba ya ɗauka ya ɗaga ta saitin taga, ya sa hanci. In ya ajiye ta a dama, ta yi. In ya ajiye a hagu, ni na san sauran.

Sai bayan nan ya bar ni na taɓa sikeli. Sikelinmu a cikin akwatin gilashi yake zaune, yana da faranti biyu da ba su fi bakin kofin shayi ba. Duwatsun awonsa na tagulla ne, jere a cikin ɗan akwati mai shimfiɗar ƙyalle. Manyan za ka iya gani daga ƙofa, ƙananan kuwa kamar ɓawon gero suke. Ba a ɗaukarsu da yatsa, sai da hantsaki, don maiƙon hannu kaɗai yana ƙara musu nauyi. Kafin a auna abu mai haɗari sai an rufe taga, ka kafa gwiwar hannunka a tebur, ka riƙe numfashi. Akwai garin da in ka ba mai ciwon zuciya daidai awonsa zai tashi ya koma gona, in ka ƙara abin da bai fi kan allura ba sai dai a kai shi makwanci. Banda sikeli muna da turmi da taɓarya na tangaran, da kofunan awo na gilashi, da mazurari, da 'yar wuƙa mai faɗi marar kaifi ta kwasar gari.

Kowace Litinin mukan haɗa farin ruwa na wankin ciki a babbar kwalba, da baƙin maganin tari, da man ƙaiƙayi na farar wuta wanda sai ka yi awa guda kana murzawa kafin ya yi laushin da Baba zai yarda. Ma'aikatan jirgin ƙasa su ne masu rigima, in magani bai yi ɗaci ba sai su ce an ba su ruwa. Fulani sukan zo da kwalba ɗaya su ce a zuba na mutum uku. Yawancin mutanenmu ba su karatu, saboda haka a jikin takardar kwalba Baba yakan zana rana tana fitowa, da rana a tsaka, da rana tana faɗuwa, ya sa ɗigo a ƙarƙashin kowace gwargwadon cokali. Rubutunsa kuwa manya ne a tsaye, kamar na allon makaranta.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa ita ce shekara mafi muni da na gani a aiki. Mu shida ne a ɗakin magani, huɗu mutanen gabas, duk suka tafi gida, aka bar ni da Baba. Jiragen ƙasan da ke kawo mana kaya suka koma ɗaukar soja. Muka yi watanni muna kankare gindin gwangwani, muna yanka tsofaffin takardu muna naɗe gari. Layin marasa lafiya kuma bai ragu ba. A cikin wannan hali ne na lura rubutun Baba yana ƙanƙancewa. Zai fara layi da manyan baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshe sun zama kamar jerin tururuwa. Na ɗauka tsimin takarda yake yi. Bayan 'yan watanni na ga in ya ɗora hannunsa na dama a cinya, babban yatsa da manuni suna murza juna su kaɗai, kamar yana mulmula ƙwaya. Wata safiya aka kawo takardar maganin zuciya. Ya rufe taga, ya ɗauki hantsaki, ya tsaya yana kallon hannunsa. Sai ya ajiye ya ce, "Ɗanlami, zo ka auna. Ni zan duba." Daga ranar bai sake taɓa sikeli ba.

Ciwon karkarwa muke ce masa. Likitoci suna da sunansa da Turanci. Ba ya zuwa da zafi, ba ya kuma ja da baya. Cikin shekara uku Baba ya ranƙwafa, takunsa ya zama gajeru kamar mai share ƙasa da ƙafa. Muryarsa ta koma raɗa. Fuskarsa ta daskare, ba ka gane fushi ko murna. In ya zo bakin ƙofa sai ƙafafunsa su manne, ya yi ta ƙoƙari ba su ɗaguwa, sai an kama shi. Amma hankalinsa na nan garau. Ya ajiye aiki, duk da haka matarsa, Mama Saratu, takan sa a turo shi a kan keke kusan kullum, ya zauna a kujera a lungun ɗakin magani yana kallon hannuna. Akwai wani tsohon magani da muke ba shi, amma banda busar da baki ba abin da yake yi masa sosai.

Bayan an gama yaƙi aka turo mana wani matashin likita, Likita Ajayi, Bayarabe ne da ya tashi a bariki, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Ranar da ya fara shigowa ɗakinmu ya ga Baba, ya manta abin da ya kawo shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama hannunsa yana lanƙwasawa a hankali, ya sa shi ya rubuta sunansa. Sai ya ce mana a ƙasashen waje an fara ba masu wannan ciwo wani sabon magani, kuma ya karanta cewa mutanen da suka shekara a kujera suna tashi su yi tafiya. Ya ce can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ke ba jiki umarnin motsi, shi ne yake ƙarewa, maganin kuma yana mayar da shi. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai yi wa mutanenmu, masu cin irin abincinmu, masu ɗauke da zazzaɓi da tsutsar ciki, da kuma awon da jikinsu zai ɗauka. Yana so ya gwada, ya rubuta duk abin da ya gani, ya aika wa malamansa.

Matsalar ita ce tsada. Kwalba ɗaya ta fi albashina na wata uku, kuma mutum ɗaya zai sha kwalabe a shekara. Likita ya yi ta rubuta wasiƙu yana neman kuɗin bincike. Amsar duk iri ɗaya ce, kuma ba za ka ga laifinsu ba: ƙasa ta fito daga yaƙi, ga ƙyanda tana kashe yara, ba a kai ga ciwon tsofaffi ba.

Hajiya Kande ce ta fara maganar a tara kuɗin. Tuwo take sayarwa a bakin tashar jirgi, kuma shekara da shekaru Baba ne ke haɗa wa 'ya'yanta magani. Ta zo karɓar na tari ta ji muna zancen, ta ce, "To mu da muke nan, mun mutu ne?" Da aka gaya wa Baba ya ƙi. Na kai kunnena bakinsa, ya ce shi ba ya bara. In dai don shi kaɗai ne, a bari. In kuwa za a nemo duk masu irin ciwon a ba su tare, likita ya rubuta don na baya su amfana, to ya yarda, kuma a fara gwadawa a kansa. Ya ce, "Akwai wani mata a Beji, Ladi. Shi ma a saka shi."

Muka yi yawon ƙauyuka ni da likita a kan babur ɗinsa, muka samo mutum shida banda Baba. Wasu an ɓoye su a ɗaki ana cewa sammu ne. Inna Ladi ta fi kowa jin jiki, ko juyi ba ta iya yi a kan tabarma.

Aka kira taro a gindin wani babban mangwaro kusa da kasuwa, ranar Asabar da hantsi. 'Yan kasuwa suka zo, da ma'aikatan jirgi da kayan aikinsu duk baƙin kwal, da matan coci, da limamai biyu daga unguwarmu, da manoman Beji. Ni na zaci likita zai yi musu daɗin baki. Sai ya miƙe ya ce maganin ba ya warkar da ciwon, sauƙi kawai yake kawowa, mai yiwuwa ma kada ya yi wa kowa komai. Wani mahauci ya ce, "Likita, in bai yi ba fa, kuɗinmu ya tafi ke nan?"

Likita ya ce, "Ya tafi. Abin da zai rage shi ne za mu san bai yi ba, mu rubuta, kada wani gari su sake kashe nasu."

Na ce a raina shi ke nan, ya ɓata. Sai wani tsohon manomi daga Beji ya yi magana da Gbagyi, aka fassara. Ya ce in aka kawo masa sabon irin doya, yakan ware kunya goma a gefen gona ya shuka. In ta yi, ya samu iri. In ba ta yi ba, ya gaya wa maƙwabta kada su wahala, kuma bai taɓa ɗaukar kunya goman nan asara ba. Ya ce shi zai ba da doya.

Abin da na gani a makonnin da suka biyo baya ban sake ganin irinsa ba. Matan Beji suka riƙa shigowa gari da sassafe a jere, doya a kafaɗa, su zube a gaban rumfar Hajiya Kande su juya, ko ruwa ba su tsaya sha ba. Ita ta sayar. Ma'aikatan jirgi suka yanke wa kansu sule sule a ƙarshen wata. Aka zagaya da faranti a coci, aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Mahaucin nan da ya yi tambaya ya kawo kuɗin rago. Yawancinsu ba su san marasa lafiyar ba in ban da Baba, kuma duk sun ji da kunnensu cewa ba a yi musu alkawarin komai ba.

Maganin ya iso ta jirgin ƙasa a cikin ɗan akwatin katako. A nan aikina ya fara. A cikin ƙwanso yake zuwa, kuma ƙwanso guda ya fi ƙarfin mai farawa, amai zai yi ta yi har ya galabaita. Dole a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa duk bayan 'yan kwanaki, kowa da awonsa. Sai in buɗe ƙwanson in zazzage farin garin, in auna, in gauraya da garin sitaci a turmi don ya yi auki, in sake aunawa kashi kashi, in naɗe kowane a takarda in rubuta suna da rana. Garin ba ya son danshi ko haske, in ya sha iska sai ya yi duhu ya lalace, ga shi damina ce. A gwangwani mai murfi nake ajiyewa, in naɗe bakin da ƙyalle. Ƙunshi ɗari da wani abu nake yi a mako. Duk lokacin da na kwashi garin a bakin wuƙa, na san doyar wani ce a kai, ko ƙwaya ban yarda ta faɗi ba.

Kowace Litinin da Alhamis ake kawo su. Likita ya ba ni agogonsa. Mutum zai tashi daga benci, ya taka zuwa bakin rijiyar asibiti ya dawo, in duba minti nawa. Ya ɓalle maɓallin riga ya mayar. Ya rubuta sunansa, wanda bai iya ba ya zana da'ira. Mako biyar ba abin da muka samu sai amai da jiri. A kasuwa an fara kallona.

A mako na shida, ranar Litinin, na rufe taga ina awo, na ba ƙofa baya. Sai na ji an ce, "Ɗanlami, gwiwar hannunka ya tashi daga tebur."

Murya ce cikakkiya, wadda na shekara uku ban ji ba. Na waiwaya. Baba Yohanna ne tsaye a cikin ɗaki, ya riga ya ƙetare bakin ƙofar da kullum take kama shi, ba kowa a gefensa. Ya tako zuwa wurin kwano ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya zo ya tsaya kusa da ni. Na matsa. Ya ɗauki hantsaki, ya ɗauko ƙaramin dutsen awon nan mai kamar ɓawon gero, ya ɗora a faranti. Ya kwashi gari a bakin wuƙa, ya riƙa bugun ta da yatsa a hankali, garin yana sauka kaɗan kaɗan, har allurar sikeli ta tsaya a tsakiya. Hannun yana ɗan rawa, amma yana jin maganarsa. Ya naɗe ƙunshin, ya rubuta sunansa a kai da manyan baƙaƙe. Sai ya dube ni ya yi dariya, fuskar gaba ɗaya ta motsa.

Mama Saratu ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa ta rufe fuska da gyale. Wani ya ruga ya kira likita. Da ya zo ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce mini a hankali, "Rubuta lokaci, da abin da ya ci da safe."

Huɗu daga cikinsu suka samu sauƙi, kowa da gwargwadonsa. Wani tsohon mai zuba wa injin jirgi kwal ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Baba ya hau mota ya je Beji ya zaga gonar ƙanensa. Inna Ladi kuwa ba abin da ya canza. Muka kai ta awon da ya fi na kowa, ba ta ko ɗaga hannu ba. Likita ya ce yana zaton nata wani ciwon ne mai kama da wannan. Shafukan da ya cika a kanta sun fi na Baba yawa. 'Ya'yanta, waɗanda suka fi kowa kawo doya, suka zo suka ɗauke ta, babban ya yi wa likita godiya ya ce sun ga an yi ƙoƙari.

Shekara guda da 'yan watanni Baba ya yi a haka. Daga nan maganin ya fara gajarta. Da ƙunshi ɗaya yakan kai shi azahar, sai ya koma awa biyu, ya ɗauke kamar an kashe fitila, mutum ya daskare a inda yake. In aka ƙara awo, sai kafaɗa da wuya su kama murɗawa su kaɗai. Ciwon yana nan yana cin gabansa a ƙarƙashi. Baba da kansa yake kirana ya ce in rubuta, ƙarfe nawa ya sha, ƙarfe nawa ya sake shi. In na yi jinkiri sai ya ce mutane ba su biya don a rubuta mai daɗi kaɗai ba.

Da aka tashi yi wa likita canjin wurin aiki, ya ce ba zai tafi ba sai ya gaya wa masu kuɗi abin da kuɗinsu ya saya. Aka sake taruwa a gindin mangwaron. Baba ya lissafa lokacinsa, ya sha ƙunshinsa saura rabin awa, ya shigo taron da ƙafarsa, ya zauna a gaba. Likita ya buɗe littattafansa ya faɗi komai da Hausa: waɗanda ya yi wa aiki, waɗanda bai yi wa ba, awon da mutanenmu suka iya ɗauka, da yadda yake raguwa. Ya ce ya aika wa malamansa, kuma duk likitan da zai fara ba wani wannan magani a ƙasar nan ba zai fara a cikin duhu ba. Yana cikin bayani maganin ya saki Baba. Kowa ya ga yadda ya sandare a kujera, hannu ya kama murzawa. Mama Saratu ta tashi za ta fitar da shi, ya yi mata alama da ido ta bari.

Hajiya Kande ta ce, "Likita, to yanzu me ya rage?"

Ya ce, "A samo wanda zai tsayar da ciwon kansa, Hajiya."

"Ana nema?"

"Ana nema a wurare da yawa."

"Yaushe za a samu?"

"Ban sani ba. Mai yiwuwa ba a zamaninmu ba."

Ta dubi Baba. Sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro abin da ta yi ciniki a ranar, ta taka ta ɗora a kan littafin likita. Ta ce, "A ba masu neman." Mahaucin nan ya tashi ya bi bayanta, sai ma'aikatan jirgi, sai mutanen Beji. Ni aka ba hula in riƙe, suka yi layi suna zuba kuɗi a ciki.

Baba Yohanna ya rasu a Beji bayan damina biyu, a ɗakinsa, Mama Saratu na kusa. Har ƙarshe ni nake naɗa masa ƙunshinsa, in ba direban motar kasuwa ya kai. Hajiya Kande ma ta daɗe da rasuwa, haka yawancin waɗanda suka tsaya a layin nan. Na tambayi wani likita kwanan baya, ya ce har yanzu ana nema.